Yadda nake gyara riɗi kafin ya shiga tukunya

Ranar da na fara miyar riɗi a ɗakina, loma biyu maigida ya yi ya ture kwano. Ga ɗaci, ga yashi yana ƙaras-ƙaras a haƙori. Laifina ne, daga leda na juye shi a kasko.

A gona ake jingine damin riɗi ya bushe sannan a kakkaɓe, shi ya sa ba ya rabuwa da ƙasa, ko daga Dawanau kika sayo ko daga Maigatari. Zuba shi a ƙwarya mai ruwa ki rairaye kamar shinkafar gida, sau uku, har ki daina ganin yashi a gindin ƙwaryar. Sai ki jiƙa shi na rabin awa, ki murza da tafin hannu, ki ɗauraye.

A nan muke saɓawa da yayata. Ita surfa shi take yi a turmi har ya yi fari tas. Ni murza kawai nake yi, domin yawancin kalsiyam ɗin riɗi, mai ƙarfafa ƙashi da haƙori, a jikin ɓawon yake. Ɗacin ma a can yake, gaskiya, amma wanki yana rage shi sosai. Farin na yayata ya fi kyau a kantu, nawa ya fi kyau a miya.

Shanya a faifai ya bushe. Soya shi a busasshen kasko, wuta kaɗan, kina juyawa ba tsayawa. Da ya fara tsalle yana ƙamshi, sauke. Minti ɗaya kika juya baya ya ƙone.

Sannan ki daka. Ƙwayar da ba a tauna ba yadda ta shiga haka take fita. Kusan rabin riɗi mai ne, kusan kashi 18 cikin 100 kuma furotin mai gina jiki, ga sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata. Cokali biyu nake zubawa a kunun yara, ko a kwaɗon zogale maimakon ƙuli-ƙuli. Kantu akwai daɗi, amma mai ciwon suga ya tuna da abin da ya haɗe shi.

Yaron da bai taɓa ci ba, ɗanɗana masa kaɗan tukuna. In kika ga ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko numfashi na sarƙewa, asibiti nan take.

Dakakke kuwa na mako ɗaya nake yi, in rufe a kwalba, don zafin bazara yana saurin juya masa ƙamshi.