Yadda mai bi zai yafe babban laifi ba tare da ya binne gaskiya ba

Duk wanda ya taɓa zaman makoki a ƙauyukan jihar Katsina cikin shekarun nan, musamman a yankunan Batsari, Ƙanƙara da Faskari inda 'yan bindiga suka addabi jama'a, ya san cewa magana biyu ake yi a gida ɗaya. A zaure dattawa suna cewa a yi haƙuri a bar wa Allah, a bayan rumbu kuma samari suna raɗa game da wanda suke zargin ya nuna wa ɓarayin hanya. Wannan bayani na Kiristan da ke tsakanin zauren da rumbun ne, wanda aka kashe wa ɗan'uwa, ko aka sace wa mata har ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, yana kuma son ya san abin da Littafi Mai Tsarki ya ɗora masa.

Ka fara da kiran laifin da sunansa. A ganina babban kuskuren da muke yi a majami'u shi ne gaggawar cewa "yi haƙuri" tun kafin mutum ya gama kuka, har ya ɗauka cewa baƙin cikinsa rashin bangaskiya ne. Yusufu, wanda 'yan'uwansa suka sayar da shi a kan azurfa 20 yana ɗan shekara 17, bai taɓa cewa ba su yi kome ba. A Farawa 50:20 ya faɗa musu a fili cewa mugunta suka nufe shi da ita, sa'an nan ya ƙara da cewa Allah ya nufi alheri. Saboda haka ka zauna da fasto ko wani dattijo mai riƙe sirri, ka faɗi abin da aka yi da abin da ka rasa, ɗaya bayan ɗaya, domin bashin da ba a san yawansa ba babu yadda za a yafe shi.

Fushin kuma ka kai shi gaban Allah yadda yake. Zabura 13, 94 da 109 addu'o'i ne na mutanen da aka zalunta, wasu kalmominsu suna da zafin da mai karatu zai yi mamakin ganinsu a cikin Nassi, amma abin lura shi ne masu addu'ar sun miƙa hukuncin ga Allah, ba su zare takobi ba. Bahaushe yana da kalmar da ta yi kusa da wannan, wato "Allah ya isa", sai dai sau da yawa muna furta ta da nufin tsinuwa, muna jiran mu ji labarin faɗuwar mutumin mu yi murna. Romawa 12:19 ta ce ramuwa ta Ubangiji ce, shi zai sāka, ayar da ke biye kuma ta ce in maƙiyinka yana jin yunwa ka ba shi abinci. Wanda ya bar wa Allah da gaske ya bar masa har da zaɓin ko zai hukunta mutumin ko zai kai shi ga tuba, wannan kuwa shi ne ɓangaren da ya fi ɗaci.

Daga nan sai shawarar da ba ta jiran zuciya ta huce: ka yanke cewa hannunka ba zai rama ba, ka kuma faɗa wa mutanen gidanka da bakinka. Wannan ya fi kome gaggawa, domin ramuwa takan faru ne cikin kwanakin farko, ko kuwa bayan dogon shiru da kowa ya ɗauka magana ta mutu. Nassi ya nuna duka biyun. A Farawa 34, bayan an keta mutuncin Dinatu, 'yan'uwanta Saminu da Lawi sun karkashe mazan garin Shekem gaba ɗaya saboda laifin mutum guda, mahaifinsu Yakubu kuwa har a gadon mutuwarsa ya la'anci fushin nan nasu. A 2 Sama'ila 13, Absalom ɗan Sarki Dawuda ya yi shekara 2 bai ce wa ɗan'uwansa Amnon uffan ba game da fyaɗen da Amnon ya yi wa 'yar'uwarsu Tamar, sa'an nan ya sa aka kashe shi a wurin biki. Dawuda ya ji labarin laifin tun farko, ya yi fushi ƙwarai, amma bai hukunta ba, shirun uba ne ya ba ƙiyayyar ɗa wurin girma. Mun san irin wannan a ƙasarmu: a kai hari ƙauye da dare, da safe a afka wa wata ruga ko wani baƙo a kasuwa, kan mai uwa da wabi, bayan mako guda a dawo da harin da ya fi na farko muni. Ana cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi, gaskiya ne, amma ba a faɗin wanda zafin yake ƙarewa a kansa. Dokar Musa ma, wadda wasu ke fakewa da ita, ta sa ido maimakon ido ne a hannun alƙalai don ta yi wa hukunci iyaka, ta keɓe biranen mafaka 6 domin kada mai ramuwar jini ya kashe mutum kafin shari'a, Maimaitawar Shari'a 24:16 kuma ta hana kashe ɗa saboda laifin uba. Idan akwai matashi a gidan da ka ga idonsa ya rufe, ka haɗa shi da wanda yake jin maganarsa, ko ka tura shi wurin dangi a birnin Katsina ko Funtuwa na ɗan lokaci. Dawuda da kansa sai da Abigail matar Nabal ta tare shi a hanya kafin ya fasa zubar da jinin gidan mijinta.

Yafewa ba ta hana kai ƙara. Mutane da yawa suna rikicewa a nan, suna tsammanin wanda ya je wurin 'yan sanda bai yafe ba. Manzo Bulus, 'yan ayoyi kaɗan bayan ya hana ramuwa, ya ce a Romawa 13:4 mai mulki bawan Allah ne da aka ba shi takobi don hukunta mai mugunta, shi kansa kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Don haka ka sanar da mai unguwa ko dagaci, ka kai rahoto ga jami'an tsaro, ka adana duk wata shaida kamar lambar wayar da aka kira ka da ita da takardar asibiti, ka kuma faɗi abin da ka gani da idonka kawai, ban da jita-jita, domin zargin wani da zama ɗan leƙen asirin ɓarayi yana iya jawo masa mutuwa. Na san akwai waɗanda suka kai ƙara ba su ga sakamako ba, wannan takaici ne na gaske, amma gazawar hukuma ba ta mayar da takobin hannunka. Idan laifin fyaɗe ne ko cin zarafin yaro, kada dattawa su rufe shi da sunan sulhu, domin rufewar tana miƙa wa mai laifin yaro na gaba.

Idan mai laifin ɗan ikkilisiya ne, Matiyu 18:15-17 ta tsara hanya: ka same shi kai da shi, in ya ƙi ka tafi da mutum ɗaya ko biyu, in ya sāke ƙi a kai wa ikkilisiya. A laifin da ya haɗa da jini ko barazana, kada ka je kai kaɗai.

Sai ka rarrabe yafewa da amincewa. Ta farko tana hannunka ko da mai laifin bai taɓa neman gafara ba, kamar yadda Yesu ya yi addu'a domin masu gicciye shi, Istifanas kuma domin masu jifansa. Ta biyu tana bukatar tuban da ake gani a aikace, irin na Zakka da ya yi alkawarin mayar da ninki 4 na abin da ya ƙwace. Yusufu bai bayyana kansa ga 'yan'uwansa ba sai da ya gwada su, ya ga ɗan'uwansa Yahuza ya miƙa kansa a madadin ƙaninsu Biliyaminu, wannan kuwa bayan kimanin shekara 22 da sayar da shi. Saboda haka babu wanda zai tilasta wa mace komawa gidan da ake neman ranta, ko a ce sai ka sāke ba wanda ya cuce ka amanar dukiyarka kafin a yarda ka yafe.

Ka kuma sa rai cewa zafin zai dawo, ranar kasuwa idan kun haɗa ido, ko lokacin girbi idan ka wuce gonar da ka sayar. Da Bitrus ya tambaya ko sau 7 ya isa, Yesu ya ce bakwai har sau saba'in, a fahimtata kuma wannan ya haɗa da yafe laifi guda sau da yawa. Duk ranar da abin ya taso, ka maimaita a gaban Allah abin da ka riga ka yanke, ka ambaci sunan mutumin cikin addu'a ko da bakinka yana nauyi, ka guji zaman da ake maimaita labarin don hura wuta, ka kuma lura da abin da yaranka suke ji kana faɗa game da mutumin da danginsa. Idan barci ya ƙaurace maka, ko tsoro da mugayen mafarkai suka daɗe, ka ga likita, ka kuma roƙi mutum biyu daga ikkilisiya ko zumuntar mata su riƙa leƙo ka bayan masu ta'aziyya sun watse.