Yadda Ake Ɗaukar Ƙaramin Jirgin Ruwa da Injinsa a Kan Titi Bisa Doka

A cikin ruwa, jirgi kwance yake, ruwa ya tallafe shi ta ko'ina. Da ya hau titi, nauyinsa duka kan wurare uku ko huɗu yake sauka, ga ramuka, ga jijjiga. Ɓarna mai yawa a nan take samun jirgi da injinsa, tun kafin su ga ruwa.

Ka fara da lissafin nauyi. Haɗa na jirgin, da injin, da batir, da tankin mai, da ita kanta ƙaramar tirelar da za ka ɗora shi. Kada ka raina mai: tanki mai lita 25 cike da fetur ya kusa kilo 19 ban da nauyin tankin. Jimillar da ka samu ka gwada ta da abin da aka rubuta a jikin tirelar, da kuma iyakar abin da littafin motarka ya ce za ta iya ja. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, tirelar da ba ta da birkinta ba a yarda ta wuce kilo 750 da kayanta ba. Faɗi ma da iyakarsa: mita 2.55 a Birtaniya, ƙafa 8 da rabi a yawancin jihohin Amurka. Kowace ƙasa da nata ma'aunin, don haka ka tambayi hukumar kula da hanyoyi ta inda za ka bi kafin ranar tafiya.

Takardu su kasance a mota: lasin tuƙi da ya halatta maka jan tirela, rajistar tirelar da lambarta in dokar wurin ta buƙata, inshorar da ta shafi jan kaya, da shaidar mallakar jirgi. Rasiɗin injin ya zama yana ɗauke da lambar da ke jikinsa. Irin wannan inji da ake maƙalawa a bayan jirgi ɓarayi na sonsa, saboda a 'yan mintoci ake kwance shi, shi ya sa jami'in da ya tsayar da kai yake da dalilin tambaya.

Wajen ɗorawa, ka ja jirgin har hancinsa ya manne da matokarin gaba, ka ƙara masa sarƙa ban da igiyar da ta jawo shi, sannan ka ɗaure bayansa da bel biyu. Kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin ya kamata ya sauka kan mahaɗin mota. In gaban ya yi sakayau, tirela za ta riƙa wutsil-wutsil da zarar ka ƙara gudu. Cire toshiyar magudanar ruwa ta bayan jirgin, domin lita ɗaya ta ruwan sama kilo ɗaya ce.

Sai inji, wanda a ganina nan ne ya fi cancantar natsuwa. In ƙarami ne da mutum zai iya ɗauka, cire shi ya fi. Kafin ka kashe shi a karo na ƙarshe, tun yana cikin ruwa, ka rufe masa mai ka bar shi ya shanye abin da ke cikin kafireto har ya mutu da kansa. Ka ajiye shi a tsaye ruwan da ke sanyaya shi ya tsiyaye, ka rufe 'yar ƙofar iska ta murfin tanki. Injin da ake zuba wa baƙin mai daban, ɓangare ɗaya aka yarda a kwantar da shi, kuma galibi akwai alama a jikinsa ko a littafinsa. In ka kwantar da shi ta ɗaya gefen, baƙin man zai gangara cikin silinda, washegari ka ja igiya ta ƙi motsi, ko ya tashi da hayaƙi fulogi a jiƙe. Wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai bai cika samun wannan matsalar ba. Amma ko wane iri ne, kan injin ya fi farfela tudu, kada ragowar ruwa ya koma ciki ta hanyar hayaƙi.

In kuwa babba ne zai tafi a maƙale, ka duba tazarar ƙasansa da titi. In tazarar ta isa, a tsaye ya fi masa. In dole sai an karkata shi, ka tokare ƙafarsa da sandar da aka yi don haka, wadda ke dogara kan tirela. Ɗan makullin karkatarwa da ke jikin injin ba a yi shi don dukan ramuka ba, kuma bangon bayan jirgin ne ke shan wahalar. Ka sa wa farfela jaka mai launi mai haske ka ɗaure: tana da kaifi, kuma na bayanka yana buƙatar ganin inda kayanka suka ƙare.

Ƙwallon mahaɗi ya dace da bakin tirela daidai. Milimita 50 ake amfani da shi a Turai, a Amurka kuma ga ƙananan tireloli inci 2 ko ƙasa da haka kaɗan. In sarƙoƙin tsaro biyu ne, ka gitta su ƙarƙashin mahaɗin. Sa wani ya tsaya a baya ka taka birki, ka kunna sigina hagu da dama.

Bayan kilomita 15 ko 20 ka tsaya ka sake ɗaure bel, ka taɓa cibiyar taya. Ɗumi ba komai, amma in ta ƙona hannu boris na neman giris. In tirela ta fara lilo, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada ka danna birki da ƙarfi. A Birtaniya mai jan tirela ba ya wuce mil 60 a awa ko a babbar hanya.

Akwai dokar da mutane ke mantawa: jihohi da dama a Amurka sun hana ɗaukar jirgi da ciyawar ruwa ko ragowar ruwa daga wani tafki zuwa wani, saboda ƙananan halittun da ke maƙalewa su yaɗu. Ka wanke, ka tsiyaye, ka bar shi ya bushe.

Da ka isa bakin ruwa, ka ba boris ɗan lokaci ya huce, domin in ya shiga ruwa da zafinsa yakan zuƙo ruwan ciki. A wannan jiran ka kwance bel ɗin baya, ka cire sandar tokare, ka mayar da toshiyar magudanar ruwa ka matse ta da hannunka kafin taya ta taɓa ruwa.