Kurakuran da aka fi yi wajen neman sa hannun tsofaffin 'yan wasan besbol ta gidan waya

Na daɗe ina aika wa tsofaffin 'yan wasan besbol na Amurka kati mai hotonsu su sa mini hannu, kuma wallahi na gaji da ganin sababbin shiga suna faɗawa ramin da na riga na faɗa.

Na farko, kada ka miƙa wa kowa alƙalamin maka (marker) ya yi rubutu a kan ƙwallo. Wannan kuskuren ya ƙona mini rai fiye da kowanne. Na sayi ƙwallon kamfanin Rawlings na asali, na haɗa da baƙar maka mai kauri, na aika wa wani dattijo. Ya sa hannu da kyau, na ajiye a kan kanta ina murna. Kafin shekara biyu fatar ta shanye tawadar, haruffan suka baje, gefensu ya koma ruwan ɗorawa, sunan ma ba ya karantuwa. Mutumin kuwa ya riga ya rasu, ba damar sakewa. Fatar ƙwallo shuɗin biro take so, na yau da kullum, a ɗan filin nan da ɗinki biyu suka matso kusa da juna. Ka saka biron a cikin kwalin da hannunka, kada ka bar ɗan wasan ya lalubi abin da ke kusa da shi.

Kati shi ne ke son maka, amma katunan kamfanin Topps na zamani suna da santsi, tawada ba ta zama. Ni ina barbaɗa hodar jarirai, in murza da yatsa har ƙyallin ya dushe, in share. Wasu magogin fensir suke amfani da shi, ni dai hoda na saba.

Sai ambulan na dawowa. Haba jama'a! Mutum ya haura saba'in, ka roƙe shi alfarma, sannan ka sa ran zai fita ya sayo kan sarki da kuɗinsa? Rubuta adireshinka a ambulan na biyu, manna masa kan sarki, ninke shi a ciki. Kuma dole kan sarkin Amurka ne, tunda daga can wasiƙar za ta taso. In kana wajen ƙasar, nemi Global Forever, kan sarkin Amurka na aika wasiƙa ƙasashen waje, wanda ya fito a 2013.

Kati biyu sun isa. Wanda ya cusa goma, ɗan kasuwa za a ɗauke shi.

Wasiƙar ka rubuta ta da hannu, gajeriya, ka ambaci wani wasa nasa da ka sani. Wasu suna karɓar kuɗi, ka bincika tukuna. Katin da ba za ka iya jure rashinsa ba, bar shi a gida.

Kuskure na biyu da ya cuce ni shi ne jinkiri. Kowa a harkar nan ya san Bobby Doerr na ƙungiyar Boston Red Sox da amsa wasiƙa har cikin tsufansa. Katinsa na nan a aljihun teburina, kullum sai in ce mako mai zuwa. A watan Nuwamba na 2017 ya rasu yana da shekara 99, katin bai bar ɗakina ba. Tun daga ranar nake jera sunaye bisa shekarar haihuwa, mafi tsufa shi nake fara rubuta wa, kuma ba na barin wasiƙa ta kwana ba a kai ta gidan waya ba.