Kurakuran da Ke Kashe Tsofaffin Kayan Doki da Yadda Ake Gyara Su

A gidajen da suka gaji hawa a Kano, Katsina, Zazzau ko Damagaram, ba wuya a tarar da sirdin da ya girmi mai hawansa. Irin waɗannan kaya suna da inganci, domin fatarsu ta sha jima da bagaruwa a hannun majema, dukawa kuma sun ɗinke ta da zare mai kauri. Sai dai yawancinsu ba a fita da su sai ranar Hawan Sallah, Hawan Daushe ko wani naɗin sarauta, kuma ɓarnar da ke bayyana a tsakiyar jafi, wato sukuwar gaisuwa a gaban sarki, tana farawa ne a cikin watannin da kayan suka yi a ajiye ba mai leƙa su.

Kuskure mafi haɗari shi ne a mai da hankali ga abin da ido ke gani, a manta da abin da ke ɗauke da nauyi. Za ka ga an kashe kuɗi wajen sabunta jalala, wato mayafin adon sirdi, da adon ƙirji, alhali majanyin da ke riƙe da sirdi a cikin doki da fatar da likkafa ke rataye a jiki sun shekara goma ba a taɓa su ba. Gwajin ba shi da wuya. A lanƙwasa fatar da hannu daidai wurin da ta saba naɗewa a jikin ƙarfe. Idan ƙananan tsagu suka buɗe, ko aka ji ta bushe ƙayau, to ta gama aiki, kuma babu man da zai mayar da ƙarfinta. A nan ba na ba da shawarar faci ko kaɗan, a sake ta ɗungurungum. Ya kamata kuma a lura cewa fatar likkafar hagu ta fi saurin miƙewa, tunda ta nan ake hawa, saboda haka musanya ta da ta dama lokaci zuwa lokaci yana hana mahayi zama a karkace.

Daga nan sai batun mai, inda ake yin kuskure ta fuska biyu. Wasu ba sa shafawa sam, har iskar hunturu ta tsotse ɗan danshin da ya rage, fata ta yi tauri ta fara karyewa. Wasu kuma suna jiƙa ta sharkaf, har da masu amfani da baƙin man inji don ya yi ƙyalli. Man da ya yi yawa yana sa fata ta saki ta riƙa miƙewa, yana tara ƙura a ramukan ɗinki, baƙin mai kuwa yana ɓata ta, yana kuma iya ƙona fatar dokin. Abin da ya dace shi ne a fara goge datti da gishirin gumi da tsumma mai ɗan laima, a bari ta sha iska a inuwa, sannan a ɗebi man kaɗe kaɗan a murza shi a tafin hannu har ya narke, a shafa sama-sama, musamman ta cikin fatar inda ta fi shan mai. Idan washegari ta shanye, a ƙara. Idan har yanzu tana maiƙo, a goge ragowar. Shafa mai a kan datti rufe ɓarna ne kawai.

Kayan da ruwa ya doka ko gumi ya jiƙa, kada a shanya su a tsakar rana ko kusa da wuta, domin zafi yana ƙanƙance fata, ba ta kuma dawowa daidai.

Wurin ajiya ma yana cin kaya fiye da yadda ake zato. Ana yawan cusa su cikin buhun leda a jefa a kusurwar ɗaki, da damina ta shigo sai fumfuna ta mamaye su, ɓera ya bi ƙanshin mai da gishiri ya gaigaye majanyi, gara kuma ta shiga itacen sirdi ta ƙasa ba tare da an ga alama a waje ba. Sirdi yana son a ɗora shi bisa gungume ko sanda mai kauri, nesa da ƙasa da bango, a lulluɓe shi da zanen auduga mai barin iska ta ratsa. Linzami da ragama a rataye su a kan abu mai faɗi, domin ƙusa siririya tana karya fata daidai inda ta ɗauki nauyi.

Kafin a ɗaura tsohon sirdi, a dafa kwacciyar baya, wato tudun bayan sirdin, a cinya, a jawo kwacciyar gaba da hannu biyu. Idan aka ji ƙara ko motsi a tsakiya, itacen ciki ya tsage, kuma irin wannan sirdi yana zama kai tsaye a kan ƙashin bayan doki. Mutane kan yi ƙoƙarin rufe matsalar da ƙarin zubka, wato shimfiɗa mai laushi ta ƙarƙashin sirdi, wanda ba ya hana miki fitowa. Ita kanta zubkar, idan gumi ya daskare a cikinta ta yi ƙulli-ƙulli, ita ce ke ƙuje baya, kuma farin gashin da ke tsirowa a gadon bayan doki mai duhun launi shaida ce ta tsohon matsi. A kakkaɓe ta, a wanke, a bushe ta sosai, in ta mutu a sake.

Ƙarfen linzami kuwa, wanda namu na gargajiya dama yana da tsanani a baki, ana barin sa da yawu da ragowar dusa har ya yi tsatsa. A bi shi da yatsa ko'ina. Duk inda ya karce yatsa, zai yanki harshe ko gefen bakin doki. Tsatsa ta sama tana fita da toka ko yashi mai laushi, amma ƙarfen da ya sirance a mahaɗa, ko likkafar da ta tsage aka kai wa mai walda ya ɗiga mata wuta, ba abin dogaro ba ne ga wanda zai ja doki ya tsaya cak a gaban sarki. Gara a kai wa maƙeri ya ƙera sabo bisa fasalin tsohon.

Ɗinki yakan ruɓe kafin fata, don haka a ja kowane mahaɗi da ƙarfi a gani ko zai buɗe. Idan za a sake shi, a roƙi baduku ya bi tsofaffin ramuka, domin sababbin huji kusa da na da suna mayar da wurin layin yagewa. Wannan aiki yana buƙatar natsuwa, natsuwar da ba a samu a jajiberin Sallah lokacin da kowane baduku ke da tarin kaya a gabansa. Mai kayan da zai hau a Ƙaramar Sallah ya fito da su tun cikin Sha'aban, ya duba, ya kai gyara, sannan ya gwada su a kan dokin sau biyu ko uku cikin azumi kafin ranar hawa.