Dabarar gane ma'anar kalmomin Turanci masu "port" a ciki

'Yan uwa, musamman masu shirin WAEC da JAMB, ba sai kun haddace kowace kalma daban ba. Ku riƙa lura da gutsuren da ke maimaituwa. Ga misali da "port".

Asalinsa daga Latin ne, portare, wato ɗauka. To da zarar ka riƙe wannan, sai ka duba abin da aka liƙa masa. "Ex" fita ne, don haka export fitar da kaya ne zuwa waje; import kuwa shigo da su. "Trans" ƙetarewa, shi ya sa transport ya zama sufuri. Porter ɗan dako. Portable abin da za a iya ɗauka a tafi da shi. Deport a ɗauki mutum a fitar da shi daga ƙasa.

Wanda ya fi burge ni shi ne report: "re" komawa ne, wato ka ɗauko labari ka dawo da shi. Daga nan ma muka aro rahoto. Support kuma a tallabo abu daga ƙasa.

Amma fa a yi hattara, ba duk mai "port" ne ɗan gidan ba. Portrait, zanen fuskar mutum, daga wani tushe ya fito, haka ma portion. Idan ma'anar ɗauka ta ƙi shiga jumlar, kada ka tilasta ta, buɗe ƙamus.