Yadda za ka haɗa 'yar mota mai bin layi ba tare da ta cinye maka jarrabawa ba

Bara jarrabawarmu ta faɗo tsakiyar bazara, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40 da rana. Kana cikin adaidaita sahu daga Kabuga ka miƙe titin Gwarzo, iskar da ke dukan fuskarka kamar daga bakin tanda take fitowa. Ina aji uku a injiniyanci, kuma a daidai wannan lokacin na ɗora wa kaina haɗa mutum-mutumi. Ba mai hannu da ƙafa ba ne, 'yar mota ce mai taya biyu da ke ganin baƙin layi a ƙasa ta bi shi da kanta. Ta yi tafiya, na kuma tsallake takarduna, amma sai da na yi asarar da ba ta zama dole ba. Ita nake so in rage wa wanda zai biyo baya.

Kafin ka sayi ko guntuwar waya, yanke wa aikin lokaci. Wannan abin yana da daɗi ƙwarai, kuma daɗinsa ne hatsarinsa. Wani dare na zauna bayan isha'i da niyyar gyara layi ɗaya a manhaja, ban ɗago ba sai ƙarfe uku. Da safe muna da gwaji a darasin da'irar lantarki. Tambaya ce a kan ƙa'idar Thevenin, wadda na sani kamar yunwar cikina, amma kaina ya yi nauyi har na manta na kashe tushen wuta kafin na lissafa rasista. Maki ya tafi, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Daga ranar na tsara: bayan asuba har zuwa takwas karatu ne, lokacin da gari ke da ɗan sanyi kuma ƙwaƙwalwa a buɗe take. Motar kuwa daga la'asar zuwa kiran magariba, kwana uku a mako. Ana kiran salla zan cire batir, ko da saura waya ɗaya.

Kayan ba su da yawa. Ƙwaƙwalwar ita ce allon Arduino Uno. Shi Arduino asalinsa daga garin Ivrea na Italiya aka faro shi a 2005 don ɗalibai irinmu. Na kwaikwayo ma yana aiki, sai dai yawancinsu sai ka sauke wata 'yar manhaja, direban CH340, kafin kwamfuta ta gan su, saboda haka kada ka yi saurin cewa an sayar maka da matacce. Sai moto biyu, rawayen nan masu giya, da tayoyinsu, da ƙaramar taya ta uku mai juyawa ko'ina. Sai allon tuƙa moto L298N, da idanu guda biyar TCRT5000, da batir 18650 guda biyu da gidansu, da cajar TP4056, da makunni. Jikin motar kada ka kashe masa kuɗi. Ni da murfin wata robar abinci na yi nawa. Ka zaga Sabon Gari da Farm Centre da titin Beirut, abin da ba ka samu ba ka yi odarsa da wuri, domin yana iya ɗaukar makonni. Farashi na bin dala, don haka ka tambaya a shago biyu ko uku kafin ka zaro kuɗi. Mita kuwa, ta auna wuta, ko aro ne ka nemo. Ba a wannan aiki da hasashe.

Batir ana samunsa a cikin tsohon batirin laftof, yawanci guda shida. Ka auna kowanne. Cikakke yana nuna bolt 4.2, wanda ya faɗi ƙasa da 2.5 ka rabu da shi, haka wanda ya kumbura ko rigarsa ta yage. TP4056 ɗaya-ɗaya take caji, sai ka ciro su daga gidansu tukuna. Kada ka bar su a rana, kada ka yi caji a kan katifa, kada kuma ka jefa su aljihu tare da makullai. A zafin garin nan wannan ba maganar wasa ba ce.

Liƙa waya da dalma a wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu na koya. Na kai masa moto da dunƙulen dalma a kai kamar kashin awaki, ya taɓa wayar da ɗan yatsa ta fita. Ya ce, "Injiniya, ba dalmar ake ɗumamawa ba, wurin ake ɗumamawa, ita kuma ta bi shi da kanta." Na ce, "Baba, a nuna mini." Ya goge bakin ƙarfen, ya ɗora shi a kan ƙafar moton da wayar tare, ya ƙirga biyu, ya kawo dalma ta ɗaya gefen. Ta narke ta kwanta tana sheƙi. Ka nemi irin wannan mutum a unguwarku, ka gaishe shi da kyau, ka zauna. Abin da zai nuna maka a minti goma ba ka samunsa a allo. Shi ne kuma ya sa na liƙa ƙaramar kafasita mai lamba 104 tsakanin ƙafafun kowane moto, don ta shanye tartsatsin da ke rikita Arduino.

Yanzu haɗi. Dokar farko, kada ka taɓa jona moto kai tsaye a ƙafar Arduino, wato ramukan nan na gefen allon da ake soka waya. Ƙafar miliamfiya 20 aka yi ta ta bayar, moton kuma yana jan ɗaruruwa, musamman idan taya ta cije. Na yi wannan, na kuma rasa ƙafa ɗaya har abada. Aikin L298N ke nan: Arduino ya ba da umarni, shi kuma ya ɗauki nauyin. Batir biyu a jere suna ba da bolt 7.4, cike kuma 8.4, L298N ya cinye kusan biyu, abin da ya rage ya yi wa moton daidai. Ka zare 'yan hulunan da ke kan ƙafafun L298N masu suna ENA da ENB, ka kai ƙafafun nan biyu zuwa ƙafafun Arduino masu alamar igiyar ruwa (~), misali 5 da 6, domin ta nan ake rage gudu da ƙara shi, daga 0 zuwa 255. Sannan abin da kusan kowa ke mantawa: baƙar wayar batir, da GND na L298N (ƙafar da ke karɓar baƙar waya), da GND na Arduino, dole su haɗu wuri guda. Idan moto na yin abin da ya ga dama, nan za ka fara dubawa.

Kada ka haɗa komai gaba ɗaya sannan ka kunna. Rana ɗaya moto kaɗai: ɗaga motar a kan gwangwanin madara yadda tayoyi ba sa taɓa ƙasa, ka sa su gaba, baya, tsaya. Wanda ya juya a baibai ka musanya wayoyinsa biyu. Ka kuma nemo mafi ƙarancin lambar da ke motsa taya idan motar na ƙasa. Tawa ƙasa da 70 sai dai ka ji tana kuka ba ta motsi. Wata rana kuma idanu kaɗai. Duk abin da ka gano ka rubuta a littafi da kwanan wata, domin bayan kwana uku kana fama da lissafi ba za ka tuna wace waya ce ta tafi ina ba. Ranar da babu wuta, ko laftof ta mutu, littafin nan shi ne wurin aikinka: rubuta umarnin da biro, ka bi shi layi-layi da ido. Idan akwai data, Wokwi da Tinkercad suna ba ka damar gwada Arduino a allon kwamfuta ba tare da ka ƙona komai ba.

Idanun su ne inda Kano ta fi shigowa cikin maganar. Kowane ido fitila ce ƙarama mai fitar da hasken infared, wanda idon mutum ba ya gani, da kuma abin da ke karɓar hasken idan ya dawo. Fari yana maido da shi, baƙi yana shanyewa. Ka jera su biyar a gaba, kada tsakaninsu da ƙasa ya wuce rabin santimita, ka kai wayoyinsu ƙafafun Arduino A0 zuwa A4. Umarnin analogRead zai ba ka lamba tsakanin 0 da 1023. Hanyar kuma farin kwali ne da baƙin salatif na masu wayarin.

Na saita nawa a soro da yamma, komai lafiya lau. Washegari ƙanena ya matsa, "Yaya, a fito da ita tsakar gida Umma ta gani." Muka shimfiɗa kwali kusa da rijiya, na kunna, motar ta tsallake layin kamar babu shi ta nufi murhu. Kwana biyu ina neman laifin a manhaja, alhali rana ce. Hasken rana cike yake da infared, sai ya shiga ta gefe ya cika idanun, baƙi da fari suka zama ɗaya. Magani biyu ne. Na farko ka yi wa idanun zani da baƙin kwali, ya sauko kusan ƙasa ya tare hasken gefe. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, kada ka rubuta tsayayyiyar lamba ka ce daga nan baƙi ya fara. Ka sa motar ta yi daƙiƙa biyar na farko tana karatu kawai, kai kuma kana goga ta hagu da dama a kan layin, ta riƙe mafi ƙanƙanta da mafi girman abin da kowane ido ya gani. Da wannan za ta auna sauran, ko a soro take ko a fili. Ƙura ma tana yin nata, don haka ka goge idanun da auduga kafin kowane gwaji.

Da farko kowa yakan rubuta: idan layi na hagu juya hagu, idan yana dama juya dama. Za ta bi, amma tana tangaɗi. A nan ne aikin ya haɗu da darasin kwantirol, wanda a aji nake jin sa kamar ana magana a bayan bango. Ka ba idanun nauyi: -2, -1, 0, 1, 2. Ka ninka karatun kowanne da nauyinsa, ka tara, ka raba da jimillar karatun. Abin da ya fito shi ne kaucewa: sifili na nufin layi yana tsakiya, alamar kuma ta gaya maka ɓangaren da ya gudu. Gyara shi ne Kp sau kaucewa, a haɗa da Kd sau bambancin kaucewar yanzu da ta baya; Kp da Kd lambobi ne biyu da kai za ka saita. Ka ƙara gyaran a gudun taya ɗaya, ka debe shi daga ɗayar, ka tsare lambobin kada su fita daga 0 zuwa 255. Idan ka ga tana guje wa layin maimakon ta koma, alamar ce a juye. Kuma ka cire delay, wato umarnin jira, daga cikin zagayen manhajar, domin duk lokacin da Arduino ke jira, motar a makance take tafiya.

Saitin da haƙuri ake yi. Ka bar Kd a sifili, gudu kaɗan. Ƙara Kp sannu a hankali har ta fara kaɗa kai hagu da dama, sai ka ɗan rage. Daga nan ka shigo da Kd. Za ka ga kaɗawar tana kwanciya da idonka, motar ta shiga kwana ta fito ba ta wuce gona da iri ba. Lamba ɗaya kake canzawa a kowane gwaji, ka rubuta ta, ka rubuta abin da ya faru. Akwai kashi na uku, wato Ki, mai tara kaucewar da ta gabata, amma ni ban buƙace shi ba a wannan motar. Ka kuma sani cewa saitin da ka yi da cikakken batir zai sauya idan ya yi sanyi, saboda haka ka auna kafin ka zargi lissafinka.

Saura mako biyu jarrabawa na kwashe komai, har mitar, na zuba a akwati na kulle, na kai wa Umma makullin. Ta ɗaure shi a bakin zaninta ta ce, "Ko ka yi kuka ba zan ba ka ba sai ka ajiye biro." Na ce, "Haka nake so, Umma." Ina ba ka shawarar ka yi haka, ka ba wanda kake jin nauyinsa, ba abokin da za ka lallaɓa ba. Kafin ka kulle ka cire batiran daga gidansu, ka ajiye manhajar wuri biyu, ka rubuta abu na gaba da za ka yi. Makonnin nan biyu na tsofaffin tambayoyi ne da zaman karatu da 'yan ajinku. A takardar kwantirol an tambaye mu tasirin kashin D, wato Kd ɗin nan, a kan tsarin da ke kaɗawa kafin ya natsu. Ina karanta tambayar na ga motata a kan farin kwali, na zana lanƙwasa biyu, mai D da marar D, na yi bayani da abin da idona ya gani.

Ranar da muka rubuta ta ƙarshe hadari ya haɗo ta gabas, ban kai gida ba sai da ruwan farko ya sauka. Umma ta kwance makullin tun kafin na tambaya. Shafin ƙarshe na littafina ya ce in ƙara mata HC-SR04, mai auna nisa da sauti, don ta tsaya idan wani abu ya tare hanya. Idan ka zo nan, ka lura da abu ɗaya. Yawancin misalan da za ka gani suna ɗaukar gudun sauti mita 343 a daƙiƙa, wanda na digiri 20 ne. Gudun yana ƙaruwa da kusan 0.6 a kowane digiri, don haka a digiri 40 ya kai wajen 355. A nisan mita ɗaya bambancin ya haura santimita uku. Ka gyara lambar gwargwadon zafin ɗakin da kake gwaji, sannan ka ajiye bulo a gabanta ka auna da tef ka gani ko sun yi daidai.