Babi na 6: Kayan Daidaita Launin Hoto Masu Sauƙin Kuɗi

Darasi na 1: A fara da allo

A kwamfuta atamfar amarya ja ce jawur. Da aka wanke hoton sai ta koma ruwan goro, fuska kuma ta yi duhu. Kada ku zargi firinta tukuna. Yawanci allon kwamfutar ne ya cika haske.

Abin da za ku fara saya shi ne na'urar auna launin allo. Ƙarama ce, tana da waya mai shiga ramin USB. Ana rataya ta a jikin allo, idonta yana kallon gilashin. Akwai Spyder ta kamfanin Datacolor, akwai kuma ta kamfanin Calibrite. Kowacce ta wadatar. In kuɗi bai kai ba, masu shagon hoto uku ko huɗu a Wunti ta Bauchi ku haɗa ku sayi guda, tunda awo sau ɗaya a wata ya isa. In ta hannu ce, a gwada ta a gabanku kafin ku biya.

Darasi na 2: Rage haske

Ku kunna allo ya yi minti 30 kafin awo. In an ɗauke wuta, a sake ƙirga daga farko. Ku goge ƙurar gilashin, musamman da hunturu.

Manhajar na'urar, wadda ake sawa a kwamfuta, za ta nemi lambobi uku. Farin allo, 6500. Gamma, wato yadda allo ke tashi daga duhu zuwa haske, 2.2. Haske, 120 ko ƙasa da haka kaɗan. Ku rubuta su a takarda ku manna a bango.

To, a nan ake tuntuɓe. Ku danna maɓallin rage haske da ke jikin allon, a hankali, har lambar ta sauko 120. Allon zai yi muku kamar ya dusashe. Haka ake so. Ku bar shi. Takarda ba ta da fitila a bayanta, allo yana da ita, shi ya sa dole a rage. Kada ku damu, ido zai saba.

Na sake faɗa: bayan awo ba a taɓa maɓallin haske. Ko yaron shago kada ya taɓa. Wasunku da na juya baya sai su ƙara don allo ya yi kyau, gobe su dawo suna cewa na'ura ba ta aiki. Haba jama'a! Kun ɓata takarda, kun ɓata tawada. A koma 120.

Darasi na 3: Katin toka

Kati ne mai ruwan toka, ya fi komai arha. Wanda za a ɗauka ya riƙe shi a hoton farko. Da shi za ku gyara launin sauran.

Darasi na 4: Takarda da tawada

Ku tsaya a kan iri ɗaya. Hoto ya bushe kafin ku duba shi, a bakin ƙofa da rana.

Darasi na 5: Na'urar auna firinta

Tana da tsada. Ku bar ta sai shago ya yi ƙarfi.